Shin ya dace ƙungiyar kasuwa ta yi wa ɗan takara mubaya'a da sunanmu duka?

Mai Shadda: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so mu tattauna wata magana tun kafin ta ƙwace mana. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma an fara zagayawa layi-layi ana cewa shugabannin ƙungiyarmu za su kai ziyarar goyon baya ga wani mai neman takara, har ana maganar kowane shago ya kawo gudummawa. Ni ra'ayina a fili yake: kowane ɗan kasuwa yana da 'yancin ya so wanda yake so, ya ba shi kuɗinsa na aljihu in ya ga dama. Amma ƙungiya ba ta mutum ɗaya ba ce. A cikinta akwai ɗan APC, akwai ɗan Kwankwasiyya, akwai ɗan PDP, akwai wanda ko katin zaɓe bai karɓa ba. Kuɗin da muke biya na shara ne da gadi da gyaran magudanar ruwa. Idan aka ɗauki sunan kasuwa aka miƙa wa mutum ɗaya, ya faɗi zaɓe, wa zai tsaya mana a gaban wanda ya ci? Abin da nake so mu yi shi ne mu rubuta buƙatunmu a takarda, mu kira kowane ɗan takara ya zo ya amsa a gaban jama'a. Ina jiran ra'ayoyinku, musamman manyanmu.

Ɗan Singa: Wa alaikumus salam. Alhaji, maganarka tana da daɗin ji, amma siyasar ƙasar nan ba a yin ta haka. Wanda bai shiga da wuri ba, ba a tunawa da shi ranar rabo. Kasuwar da ta tsaya tsakiya ita ce ake mantawa da titinta shekara huɗu. 'Yan siyasa suna rubuta sunan wanda ya zo musu lokacin da suke nema.

Mai Shadda: Suna kuma rubuta sunan wanda ya je wajen abokin hamayyarsu, ɗan'uwa. Littafi biyu suke da shi.

Hajiya Mai Leshi: Salamu alaikum. Ni dai ina tare da Alhaji Mai Shadda, kuma dalilina ba na nesa ba ne. Ku tuna abin da ya faru a Kano a watan Yunin 2023. Gwamnati ta canza ranar 29 ga Mayu, cikin kwanaki kaɗan aka fara rusau. Gine-ginen tsohon otal ɗin Daula suka tafi, shagunan da ke jikin Filin Idi na Ƙofar Mata suka tafi. Sabuwar gwamnati ta ce filayen jama'a ne aka cefanar ba bisa ƙa'ida ba, masu shagunan suka ce su da takardunsu daga gwamnatin da ta gabata. Ba ina yanke hukuncin wa ke da gaskiya ba ne a nan. Abin da nake so ku duba shi ne wanda ya fi jin jiki. Babban mai kuɗin da ya samu filin yana da wasu kadarori. Amma wanda ya tara jarinsa shekara da shekaru ya sayi shago ɗaya ko ya kama haya ya zuba kaya, shi ne ya wayi gari ba shi da komai. Babbar Kotun Tarayya ta yanke a biya masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ku kwatanta lambobin biyu. Duk dukiyar da tsayuwarta ta dogara da wanda ke kan kujera, to ranar da kujerar ta juya ita ma ta girgiza. Shi ya sa ba na so a ɗaura sunan kasuwarmu a wuyan kowa.

Ɗan Singa: Hajiya, ai wannan misalin ni yake goya wa baya. Da 'yan kasuwa suna da nasu mutum a cikin sabuwar gwamnati tun farko, da an zauna da su kafin a turo katafila.

Hajiya Mai Leshi: Akwai 'yan kasuwa da yawa da suka sa jar hula suka yi wa gwamnatin aiki ba dare ba rana, ƙanena. Hakan bai sa an zauna da masu shagunan ba. Mutum ɗaya da ya samu kusanci kansa yake karewa. Abin da zai kare kowa da kowa shi ne ƙa'ida a rubuce: yadda ake ba da fili a kasuwa, yadda ake sanarwa kafin rusau, yadda ake biyan diyya.

Lauyan Zaure: Barkanmu da warhaka. Bari in sa baki ta ɓangaren doka, domin mutane da yawa ba su san cewa abin da ake shirin yi yana da matsala tun daga tushe ba. Sashe na 221 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce babu wata ƙungiya, in ba jam'iyyar siyasa ba, da za ta nema wa ɗan takara ƙuri'a ko ta ba da gudummawa ga asusun jam'iyya ko kuɗin yaƙin neman zaɓen ɗan takara. Ƙungiyar 'yan kasuwa ƙungiya ce, ba jam'iyya ba. Na biyu, dokar kamfanoni ta 2020 ta hana kamfani ya ba da kyautar kuɗi ko kadara ga jam'iyya ko don wata manufar siyasa. Wato idan shagonka kamfani ne mai rajista, daga asusun kamfanin ba ka da damar bayarwa. Na uku, Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai ba ɗan takara fiye da naira miliyan 50 ba. Ta kuma sa iyaka ga abin da ɗan takara zai kashe: shugaban ƙasa biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70, ɗan majalisar jiha miliyan 30.

Na san za a ce ba a bin waɗannan dokoki. Gaskiya ne ana taka su, kuma manya ne suka fi taka su. A ƙarshen 2014 an yi taron tara wa yaƙin neman zaɓen Shugaba Jonathan kuɗi a Abuja, aka sanar da kusan naira biliyan 21 a dare ɗaya, alhali iyakar da doka ta sa a lokacin biliyan 1 ce. Amma ku lura, doka da ake sakaci da ita tana nan a ajiye, kuma an fi saurin zaro ta a kan ƙarami. Ranar da aka so rushe shugabancin ƙungiyarku a naɗa kwamitin riƙo, wannan gudummawar ce za a fara kawowa hujja.

Ɗan Fam Santa: Barista Allah ya saka da alheri. Wallahi ban taɓa jin wannan sashe na 221 ba sai yau. To duk waɗannan ƙungiyoyin da muke gani a rediyo suna cewa sun yi mubaya'a fa?

Lauyan Zaure: Yawancinsu suna yi ne ba tare da sun duba ba, kuma ba wanda ya kai su kotu. Shugaba a ƙashin kansa yana iya cewa ga wanda zai zaɓa. Inda matsalar take shi ne amfani da sunan ƙungiya da asusunta.

Baba na Dawanau: Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duka, kuma zan ɗan tsawaita, ku yi haƙuri da tsoho. Ɗan kasuwa da siyasa a Kano ba yau suka haɗu ba. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, ƙananan 'yan kasuwa da teloli da masu sana'ar hannu su ne ƙashin bayanta, da sisinsu da kwabonsu aka riƙe ta. Manyan attajirai da yawa kuma suna ɓangaren jam'iyyar NPC da hukumar En'e. Kun ga tun a wancan lokacin kasuwa ba ta taɓa zama baki ɗaya ba, domin buƙatar mai sito dabam, buƙatar mai tebur dabam. Duk wanda ya zo ya ce muku ya kawo ƙuri'ar 'yan kasuwa gaba ɗaya, bai faɗi gaskiya ba.

Abin da ya sa mutane suka bi Malam Aminu Kano shi ne akwai magana tsayayya da aka sani. Jam'iyyarsa ta PRP ta ce za ta soke haraji da jangali, kuma da Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979 ya soke su. Talaka ya san abin da ya zaɓa, ya kuma ga an yi. Wannan shi ne abin da Mai Shadda yake nema, a fahimtata: a ɗaure ɗan takara da magana wadda za a iya dubawa bayan shekara ɗaya a ce ya yi ko bai yi ba.

Sannan ku tuna 1993. Mutum biyu suka tsaya takarar shugaban ƙasa, dukansu 'yan kasuwa, Abiola da Bashir Tofa. Tofa ɗan Kano ne, amma Abiola ya fi shi ƙuri'a a jihar Kano. Mutanen garin nan ba a kora su kamar yadda wasu shugabanni suke nuna wa 'yan siyasa.

Mu a harkar hatsi mun ga wani abu kuma. A farkon 2024, da abinci ya yi tsada, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye kaya. Shugabannin kasuwar suka fito suka ce kayan ajiya ne na saye da sayarwa. Ko ma dai yaya ne, darasin shi ne idan jama'a suka fusata da tsada, ɗan kasuwa ne na farko da ake nunawa da yatsa, ba a tambayar wa ya zaɓa. Cire tallafin mai da sakin naira su suka ɗaga kuɗin mota da farashin taki, amma mai buhu a gabansa shi ake gani.

Mai Shadda: Allah ya ƙara girma, Baba. Ka faɗi abin da na kasa tsarawa.

Ɗan Singa: Baba, ranka ya daɗe, ba na jayayya da tarihi. Amma zamanin Malam Aminu ba a sayar da fom miliyan 100. A 2022 APC ta sa fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50. PDP ta sa na shugaban ƙasa miliyan 40. Kafin ma a je zaɓen fidda gwani a sallami daliget. Wannan kuɗin daga ina yake fitowa? Daga 'yan kasuwa da 'yan kwangila. To tunda dole wani zai bayar, gara mu bayar a ƙungiyance a san da mu, da a ce mutum biyar su bayar a ɓoye su kwashe amfanin su kaɗai.

Malamar Tattalin Arziki: Salamu alaikum. Ɗan Singa ya taɓo ainihin ciwon, amma maganin da ya kawo zai ƙara shi. Mu tambayi kanmu, wanda ya zuba wa ɗan takara miliyoyi, ta ina yake mayar da kuɗinsa? Ta kwangilar da aka ninka farashinta, ta filin kasuwa da aka yanka masa, ta sassaucin kuɗin fito da aka ba shi shi kaɗai, ko ta shugabancin hukumar kasuwa. Kowanne daga cikin waɗannan, ƙaramin ɗan kasuwa ne yake biya. Filin da aka yanka shi ne hanyar da motar kashe gobara za ta bi, ko magudanar da ruwa zai wuce. Ku tuna gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 da ta cinye dubban shaguna. Ku tuna ambaliyar Kantin Kwari a daminar 2022, wadda 'yan kasuwar da kansu suka danganta da gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa. Atamfa da shadda dila-dila suka jiƙe. Gudummawar shago-shago da za ku tara ba za ta taɓa kamo abin da attajiri ɗaya zai bayar a dare ɗaya ba, don haka a gasar kuɗi kun faɗi tun kafin a fara. Ƙarfinku yana cikin yawanku. Kwari kaɗai, ku lissafa masu shago, yaran shago, 'yan tebura, dillalai, 'yan dako, masu abinci, da iyalan da kowannensu yake ciyarwa. Ɗan siyasa ya san wannan lissafin fiye da ku, shi ya sa yake so a ba shi shi a dunƙule, da araha, ta hannun mutum uku.

Ɗan Maraɗi: Sannunku 'yan'uwa, ni daga wannan ɓangaren nake bin zancen. Ina so in ƙara abu guda. Mafi girman abin da ya taɓa kasuwancinmu da ku a 'yan shekarun nan ba gwamna ne ya yi shi ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, sai Disamban 2020 aka fara buɗewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a nan Nijar aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. Motocin albasa da wake da dabbobi suka tsaya a hanyar Jibiya, kayan Kwari da Singa da muke sara suka daina zuwa yadda aka saba. Waɗannan shawarwari a Abuja ake yanke su. Amma in zaɓe ya zo, na lura duk hankalinku yana kan kujerar gwamna. Sanatocinku da 'yan majalisar wakilai wa yake tambayarsu matsayinsu a kan iyaka, ko kan layin dogon Kano zuwa Maraɗi, ko tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a farkon 2023? Idan za ku rubuta takarda, ku rubuta musu tasu dabam.

Mai Shadda: Wannan shawara ce mai nauyi, ɗan'uwa, mun karɓa. Takarda biyu ke nan, ɗaya ta jiha, ɗaya ta tarayya.

Ɗan Fam Santa: Ni abin da ba zan manta ba shi ne canjin kuɗi. An sanar a Oktoban 2022, aka ce tsofaffin 200 da 500 da 1000 za su daina aiki ƙarshen Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Har aka riƙa cewa hakan zai hana sayen ƙuri'a. Mu da muke sayar da waya mun ɗan samu sauƙi domin abokan cinikinmu sun iya taransifa, amma masu kayan gwari da masu sayar da dabbobi a kasuwannin ƙauye sun sha wuya ƙwarai. Mutum da kuɗinsa a banki yana sayen takardar naira a wajen masu POS. Kotun Ƙoli ba ta yanke hukunci ba sai 3 ga Maris, bayan an riga an yi zaɓen shugaban ƙasa. Kuma sayen ƙuri'ar bai tsaya ba, ya koma taliya da atamfa da sabulu. Tambayata ga manyanmu ita ce, taliyar nan da atamfar nan daga ina aka saro su? Daga wajenmu. Mu ma muna da hannu.

Ɗan Singa: To yanzu in mutum ya zo sayen katan ɗari biyar na taliya sai in tambaye shi me zai yi da ita? Ni ɗan kasuwa ne, ba ɗan sanda ba.

Hajiya Mai Leshi: Ba wanda ya ce ka ƙi ciniki. Amma akwai bambanci tsakanin ka sayar da kaya a biya ka, da ka ba da kaya bashi a kan alkawarin in an ci zaɓe za a saka maka. Na biyun nan shi ya karya mutane da yawa a kasuwa. Ana gama zaɓe wayar ɗan takara ta daina shiga, kai kuma wanda ya ba ka kaya daga Legas ko Caina yana jiran cikonsa. Ina roƙon matasanmu, duk wanda ya zo da maganar kayan kamfen, kuɗi hannu kawai.

Baba na Dawanau: 'Yata ta faɗi gaskiya. Bashin siyasa ba shi da shaida, ba shi da ranar biya.

Malamar Tattalin Arziki: In za a rubuta takardar, ina ba da shawara kada ta yi tsawo, kuma kowace buƙata ta zama abin da ido zai gani. Kada a rubuta "a tallafa wa 'yan kasuwa", wannan kowa zai sa hannu a kai ya wuce. A rubuta cewa za a buɗe hanyoyin da aka toshe a cikin kasuwa a kuma ajiye motar kashe gobara mai ruwa a ciki. A rubuta cewa haraji da kuɗin shiga za su zama rasit ɗaya ta asusu ɗaya, ba mutum biyar masu riguna daban-daban a rana ɗaya ba. A rubuta cewa duk tashin kasuwa ko mayar da ita wani wuri, kamar yadda aka mayar da masu sarin magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024, za a yi shi da wa'adi isasshe da farashin shago da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya. Sannan wuta. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa su ne suke ba kasuwa kaya su kuma ba matasa albashin da za su zo su yi sayayya, kuma da yawansu sun rufe. A tambayi mai neman kujerar tarayya me zai yi a kan bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka fara tun 2020. Za a iya neman KACCIMA, wato cibiyar kasuwanci da masana'antu ta Kano, ta shiga cikin shirya zaman, domin ita tana da tsari da wurin taro, kuma hakan zai rage zargin cewa wani ɓangare ne ya kira.

Ɗan Singa: Na ji. Ban canza ra'ayi gaba ɗaya ba, har yanzu ina ganin wanda ya ci zai fi kula da waɗanda suka tsaya masa. Amma maganar Barista ta sa ni tunani a kan asusun ƙungiya. Ni zan ba wanda nake so gudummawa daga aljihuna, kuma ba zan ɓoye ba. Kuɗin ƙungiya kuwa na yarda a bar shi inda yake. Sharaɗina guda ne: in an kira zaman, a kira kowa, har ƙananan jam'iyyu, kuma a ba kowa lokaci daidai. In na ga an fifita wani, ni ne zan fara tashi.

Mai Shadda: Wannan sharaɗin nawa ne ni ma, ɗan'uwa. Akwai kuma abin da ba mu taɓo ba: zaɓen shugabannin ƙungiyar kanta. Muddin daga waje ake naɗo mana shugaba, zai riƙa kallon wanda ya naɗa shi ne, ba mu ba. A sa wannan a saman takardar jiha, cewa 'yan kasuwa su za su zaɓi shugabanninsu da wa'adi sananne, kuma a riƙa karanta mana lissafin asusu duk shekara.

Ɗan Fam Santa: A kuma sa mu matasa da mata a kwamitin rubutawa. Yaran shago sun fi iyayen gidansu yawa a layin zaɓe.

Mai Kula da Zaure: An gode wa kowa da aka yi magana cikin mutunci. Ga abin da aka tsayar. Barista da Malama za su tsara daftarin takardun biyu. Hajiya za ta tattaro abin da mata 'yan kasuwa suke so a ƙara, Ɗan Fam Santa na matasa, Ɗan Maraɗi kuma zai turo abin da ya shafi kan iyaka. Baba, muna roƙon ka jagoranci waɗanda za su je su sami shugabannin ƙungiya a kan a dakatar da karɓar gudummawar nan har a yi taron gaba ɗaya. Duk mai ƙarin buƙata ya rubuto ta nan kafin Juma'a, ya faɗi kasuwarsa da layinsa.

Baba na Dawanau: Na amsa. Mutum huɗu sun isa, daga kasuwa daban-daban, kuma Ɗan Singa ya kasance cikinsu. Mu haɗu ranar Asabar bayan la'asar.